Ko Kun Sani? Daimon ɗin da Aka Aika ta Gidan Waya

Ko kun san Sarkin Ingila da sojojinsa suka ci Kano da yaƙi a 1903, Edward na Bakwai, shi aka bai wa kyautar daimon mafi girma mai darajar ado da aka taɓa haƙowa?

Ranar 26 ga Janairun 1905 wani mai kula da ma'aikata, Frederick Wells, ya hango dutsen yana ƙyalli a bangon ramin Premier, kusa da Pretoria a Afirka ta Kudu. Nauyinsa karat 3,106, wato ya ɗan haura giram 600, girmansa kamar dunƙulen hannun babban mutum. Aka sa masa sunan shugaban kamfanin da ke da ramin, Thomas Cullinan.

A 1907 gwamnatin Transvaal, yankin da ramin yake, ta saye shi fam 150,000 ta miƙa wa sarki. Tun kafin nan, wajen kai shi Landan an yi dabara: aka ɗora na bogi a jirgin ruwa da masu gadi, na gaskiyar kuwa aka ƙunshe shi aka aika ta gidan waya.

Gidan yankan daimon na Asscher da ke Amsterdam ne ya fasa shi a 1908, aka sami manya tara da ƙanana da dama. Babban, karat 530, yana kan sandar sarauta. Mai bi masa yana gaban kambin Ingila.

Turawa na cewa kyauta ce. Sai dai gwamnatin 'yan mulkin mallaka ce ta bayar, ba a tambayi baƙaƙen fatar ƙasar ba, shi ya sa lokacin naɗin Sarki Charles a 2023 'yan Afirka ta Kudu suka sake neman a mayar musu da kayansu.