Gwaiduwa Ba Guzurin Hanya Ba Ce

Dillalan 'yan tsakin talo-talo kan ce ɗan tsako na iya kwana uku bai ci ba bai sha ba, tunda da gwaiduwarsa ya fito. Maganar na da tushe. Kafin ya fasa ƙwai a kwana na 28, yakan zuƙe ragowar gwaiduwa zuwa cikinsa, kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsa. Amma mai kiwo a Madawa, Buza ko Keita na yankin Adar da ya riƙe wannan magana hannu bibbiyu, jarinsa yake ci tun kaya ba su sauka ba.

Fasa ƙwai aiki ne mai cin ƙarfi, kuma a nan ɗan tsako ke ƙone mafi yawan sukarin da ya tara a hanta. Gwaiduwa kuwa galibinta maiƙo ne da furotin, haɗe da garkuwar cuta da uwa ta bar masa. In abinci ya yi jinkiri, jiki sai ya koma narkar da tsokarsa da wannan furotin don samun sukari, garkuwar ta tafi a matsayin makamashi. Kamawa, ƙirgawa, cusawa a kwali da girgizar mota suna tayar da sinadarin firgici a jini, wanda ke ƙara saurin narkewar. Manyan wuraren ƙyanƙyasa na Najeriya kuma, inda ake sayo 'yan tsakin, suna can kudu, wajen Ibadan, fiye da kilomita 800 daga Adar. Kafin kwali ya ratso Ƙonni ya iso Madawa, a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, sannan a nemi motar Buza, ƙishirwa ta riga ta yi ɓarnarta.

Wani zai ce kazar gida na ƙyanƙyashe ƙwan zabo, 'ya'yan su yini a ƙarƙashinta ba ci, kuma su rayu. Haka ne, amma ba wanda ya jijjiga su, uwa kuma na nan tana nuna musu tsinto. Ɗan talo-talo ya fi ɗan kaza jinkirin gane abinci. Wanda ya galabaita yakan tsaya kusa da kwano har yunwa ta kashe shi a rana ta huɗu ko ta biyar, mai shi ya ɗora wa cuta laifi. Bincike ya ma nuna wanda ya ci da wuri ya fi saurin amfana da gwaiduwarsa, hanjinsa ya fi saurin girma.

Don haka a tambayi dillali ranar ƙyanƙyasa, a yi lissafi daga nan. Da kaya sun sauka, a tsoma bakin kowanne a ruwa, sannan a sa musu abinci mai furotin kashi 28 nan take.