Dangwale Ko Jini: Nazari A Kan Shaidar Zanen Yatsa Da Ta DNA

Gabatarwa

Kafin zuwan Turawa, idan aka yi sata a ƙauye, bin sawu akan yi har a gano gidan da ƙafar ɓarawo ta tsaya. Watau tun asali Bahaushe ya san jikin mutum yakan bar alamar da za ta tona masa asiri. Manufar wannan 'yar maƙala ita ce kwatanta alamu biyu da kotunan zamani suke karɓa, watau zanen yatsa da gwajin ƙwayoyin halitta da ake kira DNA, tare da duba abin da kowannensu yake ɗauke da shi ga mutumin Boɗinga ko Shagari.

Zanen Yatsa

Dangwale ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Manomin Boɗinga da bai yi boko ba, da shi yake sa hannu a takardar ciniki, da shi yake jefa ƙuri'a. Tun 2014 bankuna suke ɗaukar zanen yatsun masu ajiya domin lambar BVN, sa'an nan a zaɓen 2023 na'urar BVAS ce ta tantance masu zaɓe da yatsa ko fuska.

Ƙarfin wannan shaida shi ne, zanen yakan fito tun mutum yana cikin ciki, ba ya kuma canzawa har tsufa. Ko Hassan da Hussaini da suka yi kama ƙwarai, kowa da nasa. A 1892 aka fara kama mai kisa da shi a ƙasar Ajantina, a 1901 kuma 'yan sandan Landan suka buɗe masa ofishi. Amma fa mutum ne yake kwatanta zanen da aka tsinta da na wanda ake tuhuma, mutum kuwa ajizi ne. A 2004, bayan harin bam na birnin Madrid, hukumar FBI ta Amurka ta tsare wani lauya, Brandon Mayfield, bisa zanen yatsan da daga baya ya tabbata na wani ne dabam. Kama da wane dai ba wane ba ce.

Gwajin DNA

Shi kuwa DNA wani sinadari ne a cikin ƙwayoyin jiki, rabi daga uwa, rabi daga uba. Ana samunsa a jini da yawu da maniyyi da saiwar gashi. Alec Jeffreys na Jami'ar Leicester a Ingila ne ya gano hanyar bambance mutane da shi a 1984. Abin lura shi ne, a shari'ar kisa ta farko da aka yi amfani da shi, wanke mutum ya fara yi: a 1986 ya kuɓutar da wani saurayi da ya riga ya amsa laifin kisan wata yarinya, kafin ya kai ga ainihin mai laifin, Colin Pitchfork, wanda aka ɗaure a 1988.

Duk da haka shi ma yana da rauni. Yana da tsada, yana bukatar ɗakin gwaji. Cibiyar da Jihar Legas ta buɗe a 2017 tana da nisa ƙwarai daga Sakkwato. Bugu da ƙari, gurɓacewa takan rikita shi. 'Yan sandan Jamus sun shafe shekaru suna farautar wata mata da alamarta ta yi ta bayyana a wuraren laifuka, sai a 2009 aka gane ta ma'aikaciyar masana'antar audugar gwajin ce. Sa'an nan dukkan shaidun biyu iyakarsu su nuna alamar mutum ta isa wuri, ba su cewa shi ya aikata.

Batun Rufin Asiri

A nan ne hanyoyin suka rabu. Dangwale mai shi kaɗai yake nunawa. DNA kuwa yakan faɗi wane ne mahaifinka, su wa ke danginka, har da wasu cututtukan gado irin su amosanin jini. A 2018 'yan sandan Kalifoniya sun kama Joseph DeAngelo, wanda ya yi kashe-kashe shekaru da dama kafin nan, ta hanyar bin bayanan danginsa na nesa. A garuruwa irin su Shagari, inda auren zumunta ya sarƙe gidaje da juna, jinin mutum ɗaya yana iya zama shaida a kan zuri'a guda, alhali ba wanda ya nemi izininsu.

Malaman Musulunci ma sun hango wannan. A 2002 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka ta halatta amfani da gwajin wajen binciken laifuka, ban da haddi da ƙisasi, ta kuma hana a kore nasabar da shari'a ta tabbatar da shi. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin Jihar Sakkwato tana aiki da shari'ar Musulunci a kan laifuka. A Turai kuwa, a 2008 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta ce Birtaniya ta keta haddin mutanen da ba a same su da laifi ba, da ta ci gaba da ajiye zanen yatsunsu da DNA ɗinsu. A gida, sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta sa nau'o'in biyu cikin bayanan da sai da tsananin kiyayewa ake taɓa su.

Kammalawa

A taƙaice, DNA ya fi dangwale kaifi a gaban alƙali, amma ya fi shi nauyi a kan mutuncin iyali. Yatsunmu mun riga mun miƙa wa banki da hukumar zaɓe ba tare da mun tambayi inda ake ajiye su ba. Kafin a zo neman jininmu, ya kamata mu san wa zai riƙe shi, har zuwa yaushe, da kuma wanda zai goge bayanan mutumin da kotu ta wanke. Aikin ɗaliban Hausa ne su fassara waɗannan dokoki ga jama'a, domin rigakafi ya fi magani.