Kada A Sauya Wa Kaka Kamanni Garin Juya Kaset

A gidaje da yawa na Jalingo, daga Sabon Gari zuwa Magami da Mayo Gwoi, akwai ƙasan akwati ko lungun durowa inda tsofaffin kaset ɗin bidiyo suke kwance, an rubuta musu suna da biro: ɗaurin auren wane, sunan wance, saukar Alƙur'ani, hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Muri. An ƙirƙiro Jihar Taraba ranar 27 ga Agusta, 1991, daidai lokacin da kyamarar hannu ke yaɗuwa a Arewa, shekara guda bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano. Saboda haka babban ɓangare na tarihin iyalan wannan jiha yana cikin waɗannan kaset. Sai dai idan aka kai su shago aka juya su zuwa faifan DVD, sau da yawa abin da ke dawowa yana ɓata rai. Amarya ta zama siririya doguwa kamar an ja ta da igiya, ko ango ya baje, dokin hakimi ya koma gajere mai tumbi. Mutane kan ɗora laifin a kan tsufan kaset, alhali kuskure ne na mai juyawa, kuma ana iya kauce masa ba tare da ƙarin ko sisi ba.

Asalin matsalar ita ce siffar hoto iri biyu ce, amma mazubinsu ɗaya. Tsohuwar talabijin mai ƙeya tana da faɗi 4 a kan tsayi 3, ta zamani mai manne wa bango tana da 16 a kan 9. Najeriya tana bin tsarin PAL, mai hoto 25 a daƙiƙa, kuma a wannan tsari kaset ɗin MiniDV da faifan DVD duk suna adana hoto a ɗigo 720 a kwance, layi 576 a tsaye, ko mai faɗi ne ko marar faɗi. Dabarar shigar da faffaɗan hoto cikin wannan mazubi ita ce a matse shi ta gefe biyu, kamar yadda ake danna auduga cikin buhu, sannan a bar wata 'yar alama a cikin faifan da za ta gaya wa na'ura ta buɗe shi lokacin kallo. Wannan shi ake kira anamofik. Wani Bafaranshe, Henri Chrétien, ya ƙera gilashin da ke yin wannan matsi, kamfanin Fox na Amurka ya yi amfani da shi a fim ɗin The Robe a 1953, Indiya ta bi sahu da Kaagaz Ke Phool a 1959. Duk wanda ya taɓa ganin jarumin Indiya ya yi tsawo fiye da kima lokacin da sunaye ke wucewa a farkon tsohon kaset, matsattsen hoto ya gani wanda ba a buɗe ba.

Daga nan ake gane inda ɓarnar take shigowa. Idan an ɗauki biki da faɗi amma alamar ta ɓace wajen tacewa, kowa zai rage kauri da kashi ɗaya cikin huɗu. Idan mai shago ya gudu daga wannan ya manna baƙaƙen layuka sama da ƙasa a jikin hoton, layi 432 kaɗai suka rage wa hoton cikin 576, sauran 144 sun tafi a baƙi. Idan kuma tsohon ɗauka ne na 4 a kan 3 aka ja shi don ya cika allo, kowa zai ƙara faɗi da sulusi. Magani yana farawa da gane yadda aka ɗauki hoton tun farko, kuma gwajin ba wuya. A tsayar da hoton a inda akwai abu da'ira, kamar tayar babur, ko bakin kwarya, ko faifan kaba da aka rufe tuwo da shi. In ya fito zagaye, siffar daidai take. In ya yi kama da ƙwai, an matse ko an ja. Bayan haka a sauke MiniDV cikin kwamfuta ta wayar FireWire, wadda ke kwaso hoton yadda yake, kimanin gigabayit 13 a kowace awa. A zaɓi PAL da siffar da aka ɗauki hoton da ita, 16:9 ko 4:3, a manhajar tacewa, a sake zaɓarsu a manhajar haɗa faifai irin su DVDStyler. Faifai mai gigabayit 4.7 kada a cusa masa biki na awa huɗu, gara a raba shi biyu ko uku. Faifan VCD kuwa, mai ɗigo 352 da layi 288, ya yi wa wannan aiki kaɗan.

Mai shago zai ce kwastoma ne ke son allo ya cika, in ya ga baƙi a gefe sai ya ce an cuce shi. Gaskiya ne mutane na son haka, amma cika allo da tsohon ɗauka hanya biyu kawai gare shi: a ja fuska, ko a yanke sama da ƙasa, rawanin liman da ƙafar amarya mai lalle su tafi. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Kwastoman da ya nace yana da maɓalli a rimot ɗinsa da zai ja hoton ranar da ya ga dama, ya kuma mayar da shi. Abin da aka ja ko aka yanke a cikin faifai kuwa ya zauna ke nan. Minti biyu na bayani, tare da nuna masa tayar babur ɗin nan, sun isa su gamsar da mafi yawan mutane.

Wani kuma zai ce zamanin faifai ya wuce, yanzu waya da filash ake yayi. Wannan ma bai kawar da batun ba, domin kuskuren siffa yana bin fayil duk inda ya je, WhatsApp kuma yana ƙara rage masa inganci. Hasali ma faifan da aka ƙona a shago yana karcewa, yana lalacewa da zafi, don haka na kallo ne kawai. Ainihin fayil ɗin da aka sauke shi ya kamata a adana a wuri biyu, a kuma riƙe kaset ɗin kansa. Lokaci ne ke ƙurewa: damshin daminar Taraba yana sa kaset fumfuna, kuma an daina ƙera kyamarorin da ke karanta su. Wataƙila juyi ɗaya kawai kowane kaset zai samu, kuma akwai jikokin da ba za su taɓa sanin fuskar kakarsu ba sai ta wannan juyin. Hakkinsu ne a nuna musu ita yadda Allah ya halicce ta.