Haramcin Dala A Tafkin Kainji: Wa Ya Ɗauki Asarar, Wa Ya Ci Ribar?

KADUNA — Duk wanda ya saba bi ta layin masu sayar da bandar kifi a kasuwar Sabon Tasha, a bakin hanyar da ta nufi Kachia da Kafanchan, ya san kukan da ake yi na tsada. Ana ɗora laifin a kan man fetur da kuɗin mota, kuma da gaskiya a cikin hakan. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne girman kifin da ke cikin kwando. Tarwaɗa da karfasa da kurungu da ya kamata a ƙirga ɗaya-ɗaya, sau da yawa kashi-kashi ake yi musu saboda ƙanƙanta.

Kogin Kaduna da madatsun Kangimi da Gurara ba su isa su ciyar da waɗannan kasuwanni ba. Kaso mai yawa na bandar yana fitowa ne daga manyan ruwaye na nesa, kamar Tafkin Chadi, Shiroro da Kainji. Saboda haka duk dokar da aka kafa wa masunci a gaɓar Yawuri, ɗan kasuwar kudancin Kaduna yana da ruwa da tsaki a cikinta, ko ya sani ko bai sani ba.

Tushen al'amarin shi ne idon raga. Idan idon yana da faɗi, ƙaramin kifi yakan zurare ya wuce, ya girma, ya yi ƙwai kafin ranar da za a kama shi. Idan kuwa an matse idon, sai a kwashe uwa da 'ya'ya gaba ɗaya. Wannan ne ya sa dokar soja mai lamba 108 ta shekarar 1992, wadda ta shafi su a koguna da tafkuna, ta ƙayyade cewa kada idon raga ya gaza milimita 76, wato inci 3, in ban da kayan kama wasu nau'o'in ƙananan kifaye da ba sa girma. Dokar ta kuma hana su da guba ko nakiya ko lantarki. A takarda, magana ta ƙare. A kan ruwa kuwa, nan aka fara.

Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwa a kan Kogin Kwara a 1968, shi ne wurin da aka fi gwada wannan doka da gaske. A 1993 gwamnatin Nijeriya da ta Jamus suka fara wani shirin haɗin gwiwa na bunƙasa su a tafkin, tare da Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa. Masu shirin suka shiga ƙirga jirage da kayan su, suna auna abin da ake fitarwa a gaɓa. Binciken ya tsaya a kan wata raga guda mai suna dala.

Dala doguwar raga ce mai ido kamar na gidan sauro, wadda ake zagaye ruwa da ita a jirgi, sannan majiya ƙarfi su jawo ta zuwa tudu. Manufarta ita ce kama wasu 'yan mitsi-mitsin kifaye masu launin azurfa da ake shanyawa a rana, a sayar da su a buhu don miya da kuma haɗa abincin dabbobi. Waɗannan ba su da matsala, domin suna hayayyafa da sauri. Illar ita ce dala ba ta zaɓe. Gaɓar da ake jan ta nan ne 'ya'yan faliya da karfasa da giwan ruwa suke fakewa, kuma su ma a cikin buhu suke ƙarewa. Giwan ruwan da zai iya cika jirgi wata rana sai a sayar da shi a farashin ƙwayar da ba ta kai ɗan yatsa ba.

A ƙarshen shekarun 1990 jihohin Neja da Kebbi suka kafa dokokinsu na su, aka shigo da lasisi, aka kuma haramta dala, tare da sa hannun sarakuna da sarakunan ruwa wajen aiwatarwa. Ta fuskar kimiyya hukuncin yana da hujja. Ta fuskar tattalin arziki kuwa nauyinsa bai rabu daidai ba. Mai dala ya rasa jarinsa. Matasan da ke jan igiya a biya su da kason kifi suka rasa abin yi. Matan da ke shanya da ƙulli suka rasa haja. Wanda zai amfana shi ne mai kalli da mai birgi, kuma ba nan take ba, sai bayan 'ya'yan kifin sun girma.

Ƙididdigar shirin ta nuna cewa abin da tafkin ke bayarwa a shekara ya haura tan 30,000 a tsakiyar shekarun 1990, amma zuwa 2001 ya faɗo ƙasa da tan 15,000. Wani babban ɓangare na wannan giɓi na ƙananan kifayen nan ne da dala ke kamawa, waɗanda suka zauna a ruwa ba tare da an sami wata hanya mai araha ta ɗebo su ba. Da tallafin Jamusawa ya ƙare, kuɗin sintiri ya ja baya, sai dala ta sake ɓullowa a wasu gaɓoɓi. Ba abin mamaki ba ne: mutumin da ake bin sa bashin raga ba ya jiran ribar baɗi.

Ba Nijeriya kaɗai ke fama da wannan lissafi ba. A gabashin Amurka akwai wani babban kifi mai ratsin baƙi a gefensa da suke kira "striped bass", wanda ke hayayyafa a mashigin teku na Chesapeake. Da yawansa ya ragu ƙwarai, jihar Maryland ta hana kama shi baki ɗaya daga 1985, ba a sake buɗewa ba sai 1990. A 1995 aka bayyana cewa ya farfaɗo. Sai dai kuma a 2019 bincike ya nuna an sake wuce gona da iri, aka rage kamu da kashi 18 cikin ɗari daga 2020, aka kuma ƙara rage kason masu su don kasuwa da kashi 7 a 2024. A kowane zagaye gardamar iri ɗaya ce da ta Yawuri, wato ko masu sana'a ne za su ɗauki ragin ko masu su don nishaɗi. Bambancin shi ne can ana da alƙaluman da za a yi gardama a kansu kowace shekara.

Ghana ta fi kusa. A 2019 ta fara rufe teku na wata guda ga masu ƙananan jirage, daga baya ta riƙa raba musu shinkafa da man girki don rage raɗaɗi. Ƙorafi bai tsaya ba, kuma a 2025 gwamnati ta cire su daga rufewar, ta bar ta a kan manyan jiragen kamfanoni.

A ƙasar Hausa hana su na wani lokaci ba baƙon abu ba ne. A Argungu ana killace ruwan Matan Fada, ba mai jefa homa sai ranar gasa, kuma Sarkin Ruwa ke tsare da wannan ƙa'ida. Tana aiki ne domin wurin ƙarami ne, mai tsaron ɗan gari ne, sauran ruwa a buɗe yake, kuma kowa yana ganin sakamakon da idonsa. Tafkin da ya haura murabba'in kilomita 1,200 ba zai tsaru da haka kaɗai ba.

Akwai wani ɓangare da dokoki ba su cika taɓawa ba, shi ne na masu saye. A yawancin gaɓoɓi dillali ne ke ba masunci kuɗin raga da na mai, a kan sharaɗin ba zai sayar wa kowa kifinsa ba sai shi. Wanda ya biya kuɗin raga yana da ta cewa a kan faɗin idonta, kuma muddin akwai mai sayen ƙaramin kifi a Kaduna, za a sami mai kama shi a Kainji. Nijeriya na bukatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuma bai kai hakan ba ko kusa, sauran giɓin kuwa ana rage shi da kifin ƙanƙara daga ƙasashen waje, wanda kuɗinsa ke bin farashin dala ta Amurka. Tun bayan faɗuwar darajar Naira a 2023 wannan kifi ya ƙara tsada, abincin tarwaɗar kiwo ma haka, lamarin da ke ƙara mayar da hankalin mai saye ga bandar da ke fitowa daga tafkuna.