Waƙar da Ba Ta da Amshi

Ka ɗan tuna wata waƙa da ta daɗe tana yi maka yawo a kai. Idan ka lura da kyau, ba dukkan baitocinta ka riƙe ba. Abin da ya maƙale maka shi ne amshi, wato ɗan gajeren zancen nan da ake ta komawa gare shi. Mamman Shata yakan kawo baiti bayan baiti, amma 'yan amshi da makaɗan kalangu ne suke ba mai sauraro wurin da zai dafa ya huta kafin baiti na gaba. Masu sana'ar waƙa a Amurka ma sun san wannan sirri, har sun mayar da shi kamar doka: waƙar da ake so gidajen rediyo su yi ta sakawa, to lallai ta zo da amshi mai ƙarfi, kuma ya zo da wuri. Riƙe wannan a ranka, domin waƙar da zan ba ka labarinta ta taka wannan doka, kuma duk da haka ta game duniya.

Sunan waƙar "Losing My Religion", ta ƙungiyar mawaƙan R.E.M., ta fito a watan Fabrairu na 1991. Mutum huɗu ne suka kafa ƙungiyar a 1980 a garin Atens na jihar Jojiya da ke kudancin Amurka, wani ƙaramin gari mai jami'a, ba babban birnin ƙasar Girka ba. Michael Stipe ne mai rera waƙa, Peter Buck yana kaɗa jita, Mike Mills yana riƙe da jitar bes mai kaurin murya, Bill Berry kuma yana kan ganguna.

Irin kiɗansu shi ake kira altanatib rok, kuma kalmar farko tana nufin zaɓi na daban. Don ka gane, ɗauki misalin kasuwa. Akwai manyan shaguna na bakin titi da kowa yake gani, akwai kuma rumfunan can ciki da sai wanda ya san hanya yake zuwa. Manyan gidajen rediyo da manyan kamfanonin faifai su ne bakin titi. R.E.M. kuwa daga ciki suka taso: ƙananan gidajen rediyo na ɗaliban jami'o'i ne suka riƙa saka waƙoƙinsu, su kuma suna yawo gari gari a mota suna wasa a ƙananan ɗakunan taro. Sannu a hankali suka yi suna, har kamfanin Warner Bros. ya ɗauke su a 1988. Sun taɓa samun waƙoƙi biyu da suka shiga cikin goma na farko a Amurka, amma har lokacin ana yi musu kallon mawaƙan wani rukuni ne na masu saurare.

To ta yaya waƙar ta samu? Buck ya sayi wani abin kiɗa da ake kira mandolin, yana koyon kaɗa shi a gida. Idan ba ka taɓa ganinsa ba, ka ƙaddara ɗan ƙaramin molo mai tsirkiya takwas da aka jera bibbiyu, muryarsa siririya, mai kaifi, kuma da ka kaɗa sai sautin ya mutu nan da nan. Buck yana zaune gaban talabijin yana ta lalube, ya kunna rakoda tana ɗauka. Da ya saurari kaset ɗin daga baya, yawancinsa tuntuɓen ɗan koyo ne, amma a tsakiya sai ga wani zubin kiɗa da ya tsaya da ƙafarsa. Wannan shi ne abin da kake ji da zarar waƙar ta fara. Ina ganin akwai dalilin da ya sa hannun ɗan koyo ya tsinto shi. Gwanin jita yatsunsa sun saba da hanyoyinsu, kamar jakin da ya san hanyar gona. Sabon abin kiɗa kuwa yana tilasta wa mutum tafiya a hankali, ya tsaya a kan abu mai sauƙi, kuma abu mai sauƙi shi ne kunne yake riƙewa.

A watan Satumba na 1990 suka shiga sitidiyon Bearsville a jihar New York tare da Scott Litt, mai kula da ɗaukar sautinsu. Nan wata matsala ta fito wadda za ta koya maka yadda ake gina kiɗa. Mandolin yana can sama da siririyar murya, bes yana can ƙasa da kauri, tsakiya kuwa wayam. Kamar ɗaki ne mai daɓe da rufi amma babu bango. Sai suka sa Peter Holsapple, wanda ya saba raka su wasa, ya kaɗa jitar katako wadda ba ta lantarki ba, ta cike wannan gurbi. Ba lallai kunnenka ya tsince ta a karon farko ba, amma da za a cire ta da ka ji waƙar ta rame. Mills ya ce da yake neman yadda zai bi da bes ɗinsa, salon John McVie na ƙungiyar Fleetwood Mac ya duba. Stipe ya rera nasa a ɗauka ɗaya. Daga baya aka ƙara gogen Turawa a birnin Atlanta, makaɗan babbar ƙungiyar kiɗa ta birnin suka goga, aka shimfiɗa su a baya kamar inuwa.

Yanzu mu koma ga amshi, don a nan zancen yake. Waƙar ta haura minti huɗu, kuma babu wani wuri da murya take tashi ta yi tsawa, jama'a su ɗauka tare, kamar yadda aka saba a waƙoƙin rok. Akwai kalmomin da suke dawowa, amma suna dawowa ne a natse, a kan sautin nan mai ɗauke da jimami da waƙar take tafiya a kai tun daga farko. To me mai sauraro yake dafawa? Mandolin. Duk sanda muryar ta ja numfashi, sai shi ya amsa da zubin nan nasa. Ka tuna Ɗan Maraya Jos: shi kaɗai yake waƙa, ba 'yan amshi, amma kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya yana amsa masa tsakanin zance da zance, har ba ka jin rashin kowa. Aikin da kuntigi yake yi masa, shi mandolin yake yi wa Stipe. Ashe amshin yana nan, daga baki ne ya koma yatsu.

Sai batun suna, wanda ya rikita mutane da yawa, kuma na san zai iya tsaya maka a rai. Idan aka fassara kalmomin ɗaya bayan ɗaya, za a ce mutum yana rasa addininsa ne. Amma a bakin mutanen kudancin Amurka, inda mawaƙan suka fito, wannan salon magana ne da yake nufin haƙurin mutum ya ƙare, tura ta kai bango. Kai ma idan ka ce ranka ya ɓaci, ba kana nufin ranka ya lalace kamar tuwon jiya ba. Stipe ya sha bayyana cewa waƙar ta soyayya ce, ta mutumin da yake son wani ya kasa furtawa, yana ta auna kowace kalma da kowane kallo, yana fargabar ko ya faɗi abin da ya wuce kima. Duk wanda ya taɓa tsayawa zance bakinsa ya yi nauyi ya san wannan hali.

Mutanen Warner Bros. ba su so a fara fitar da ita ba, kuma ba za ka ga laifinsu ba: ga mandolin, ga rashin amshi, ga suna mai jawo tambaya. Mawaƙan suka dage. Abin da ya taimaka ƙwarai shi ne bidiyon da Tarsem Singh, wani matashi ɗan asalin Indiya, ya shirya. Ya ɗauko hasken zane-zanen Caravaggio na Italiya, inda duhu yake kewaye da mutum haske ya faɗo masa ta gefe guda, ya haɗa da wani gajeren labari na Gabriel García Márquez game da tsoho mai fukafukai da ya faɗo cikin wani ƙauye. Stipe, wanda a da ba ya son motsa baki yana bin waƙa a bidiyo, a nan ya yarda ya yi. Tashar talabijin ta MTV ta yi ta nuna shi ba dare ba rana.

Waƙar ta kai matsayi na 4 a jerin waƙoƙin Billboard na Amurka, kuma R.E.M. ba su taɓa samun wadda ta wuce nan ba har suka rabu a 2011. Kundin da take ciki, Out of Time, ya hau na ɗaya a Amurka da Ingila, alhali ba su ma fita rangadin wasanni don tallata shi ba. Bidiyon ya ci kyaututtuka 6 na MTV a 1991, ciki har da na bidiyon shekara, waƙar kuma ta samu kyaututtukan Grammy 2 a 1992. Watanni kaɗan bayan fitowarta mawaƙan ƙungiyar Nirvana suka zo da nasu kiɗan mai ƙara, mawaƙan rumfunan ciki suka cika bakin titi.

Idan ka samu dama ka saurare ta, gwada wannan: a karo na farko bi muryar, a karo na biyu ka ƙyale muryar ka bi mandolin kaɗai. Za ka ji inda yake shigowa da inda yake ja da baya ya ba ta wuri. Can ƙarshe, bayan Stipe ya yi shiru, shi ne yake rage, yana taka 'yan sautuka ɗaya bayan ɗaya har ya tsaya.