Faɗakarwa Game Da Yaron Da Ba Ya Amsa Kira

Akwai wata mas'ala da ta daɗe a cikin gidajenmu, wadda kunya da tsoron bakin mutane suka hana a fito da ita fili, ita ce ta yaron da Allah Ya halitta da cikakkiyar sura, ya zauna a kan lokaci, ya yi rarrafe, ya miƙe ya yi tafiya, amma ga shi ya shekara biyu har ya shiga ta uku bai ce uffan ba, in an kira sunansa ba ya waiwayowa, in an dube shi sai ya kau da ido, alhali kuwa da za a motsa ledar alewa a ƙuryar ɗaki, da nan take an gan shi ya taso. Likitoci suna kiran wannan hali otizim, a gidajen rediyo kuma akan saka shi cikin abin da ake ce wa galahanga, tare da waɗansu lalurori da asalinsu ya sha bamban da nasa.

Wanda ya zauna da irin wannan yaro ya lura da shi da idon basira, zai ga cewa jinkirin magana ba shi ne babbar alama ba. Galibin yara, tun ba su cika shekara ɗaya da rabi ba, in jirgin sama ya gifta sukan nuna shi da yatsa, sa'an nan su juyo su dubi fuskar uwa, don su tabbata ita ma ta gani. Wannan yaro ba ya yin haka. In ƙishirwa ta kama shi, sai ya riƙe wuyan hannun uwarsa ya ja ta har bakin randa, ya ɗora hannun nata a kan murfi, ba tare da ya ɗaga kai ya dube ta ba. Yakan tara murafun kwalba ya jera su reras tun daga bakin ƙofa har gindin turmi, in wani ya ture guda ɗaya sai gidan ya ɗauki kururuwa. Wani kuma yana magana, amma maimaici ne: in an ce masa "Kana son fura?" sai ya amsa da "Kana son fura?" Akwai ma wanda ya fara cewa "Mama" da "Baba", sa'an nan kalmomin suka ɓace masa.

Abin da ya fi wuyar fahimta ga iyaye, wanda kuma rashin fahimtarsa ya jawo wa waɗannan bayin Allah duka mai yawa, shi ne yadda ji da gani da taɓi suke isa gare su. Ni da kai, mai karatu, in muna hira, ƙwaƙwalwarmu takan tace ƙarar injin markaɗe da ta janareta ta bar mana muryar abokin magana. Shi kuwa, a wurin da yawa daga cikinsu, duk sautukan nan tare suke faɗo masa da ƙarfi ɗaya, tamkar wanda aka tsayar a tsakiyar Kasuwar Kurmi ana jajibirin salla aka ce ya saurari raɗa. Shi ya sa yake toshe kunnuwa, yake tuɓe sabuwar shadda mai sitaci, yake ƙin kowane abinci sai iri ɗaya ko biyu. In abin ya fi ƙarfinsa ya faɗi yana birgima, ba shagwaɓa ba ce, ba kuma taurin kai ba. Kaɗa hannuwa da jijjiga jiki da yake yi kuwa, da su yake samun natsuwa, don haka hana shi su da tsawa zalunci ne, ko da an yi shi da niyyar tarbiyya.

A shekarar 1943 ne wani likita mai suna Leo Kanner, a asibitin Johns Hopkins na ƙasar Amurka, ya fara bayyana wannan hali a rubuce, bayan ya yi nazarin yara 11, a shekara mai bi mata kuma wani likita mai suna Hans Asperger ya yi bayanin waɗansu a birnin Biyana, waɗanda suke da magana da kaifin ƙwaƙwalwa amma mu'amala da mutane take yi musu nauyi. Daga baya masana suka gane cewa abu ɗaya ne mai darajoji, tun daga wanda zai buƙaci mai kula da shi har ƙarshen rayuwarsa, zuwa irin su Temple Grandin, wadda ta haura shekara uku ba ta magana, amma ta zama farfesa a ilimin dabbobi. Yaro na farko a cikin sha ɗayan nan, Donald Triplett, ya girma a wani ƙaramin gari inda kowa ya san halinsa kuma aka rungume shi, ya yi aikin banki, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kimanin yaro ɗaya cikin 100 yana da wannan hali, kuma an fi ganinsa ga maza.

Game da sababi, an yi ta ɗora wa uwa laifi, a can da nan. A Amurka, wani mai suna Bruno Bettelheim ya yi shekaru yana yaɗa cewa rashin ƙaunar uwa ne yake sa yaro ya kulle kansa, har bincike a kan tagwaye da aka yi a Ingila a 1977, da waɗanda suka biyo bayansa, suka tabbatar da cewa mafi girman rabo na gado ne, wato abu ne da yake cikin yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun yaro yana ciki. Sai kuma wata ƙarya da ta fi wannan ɓarna: a 1998 wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, ya yi da'awar cewa allurar rigakafin ƙyanda ce take haddasa shi, aka bincika aka iske ya yi maguɗi, mujallar da ta buga maganar ta janye ta a 2010, shi kuma aka soke lasisinsa. Mu da muka san yadda ƙyanda take ɗibar yara lokacin bazara, bai kamata mu saurari wannan zance ba.

A wajenmu kuwa, sai a ce ɗan ruwa ne aka musanya, ko uwarsa ta fita da almuru tana da ciki, ko kishiya ce ta yi jifa; daga nan sai a shiga yawon neman magani, a sayar da akuya, a turara wa yaro hayaƙi mai shaƙe numfashi, wani wurin ma har a ɗaure shi da mari a tsula masa bulala da sunan ana dukan aljani, alhali fatar da take tsagewa tasa ce. Addu'a makamin mumini ce, ba mai hankalin da zai hana uwa ta yi wa ɗanta tofi. Amma malaman fiƙihu sun yi ittifaƙi a kan haramcin cutarwa, kuma yaro amana ne da za a tambayi mai riƙonsa. A ganina, son ruwa da da yawa daga cikin yaran nan suke da shi ya taimaka wajen ƙarfafa camfin ɗan ruwa, domin sukan sulale daga gida su nufi kududdufi ba su san hatsari ba, nutsewa kuwa tana cikin manyan abubuwan da suke hallaka su. Maganin wannan shi ne murfi mai nauyi a bakin rijiya da sakata a ƙofar zaure.

Idan iyaye suka ga alamun da aka ambata, wajibi ne su kai yaro ga likitan yara, a fara da gwada jinsa, domin kurumta ma tana hana magana. Ba a gane otizim da gwajin jini, sai da lura da tambayoyi, kuma ƙwararre yana iya gane shi tun yaro yana shekara biyu. Akwai masu wannan sani a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da suke Kaduna da Maiduguri da Kware. Har yau babu ƙwaya ko saiwar da take kawar da shi, duk wanda ya ce yana da ita, aljihunka yake nema. Amma farfaɗiya da rashin barci, waɗanda sukan zo tare da shi, suna da magani.

Babban aiki a tsakar gida yake, kuma ba ya bukatar kuɗi sai haƙuri. Ke uwa, in ya jawo hannunki zuwa randa, ki durƙusa daidai tsayinsa, ki ɗebo ruwa a moɗa ki riƙe kusa da fuskarki, ki ce "ruwa", kalma ɗaya tak, ki ɗan dakata. In ya yi wani sauti, ko ya dube ki ko da ƙiftawar ido ce, ki miƙa masa nan take da fara'a, haka za a yi ta yi safe da yamma har Allah Ya sa ya gane cewa sauti yana biyan bukata. Ki zauna ki taya shi jera murafunsa maimakon ki share su. A tsayar masa da lokacin ci da wanka da barci, in za a yi tafiya ko baƙi za su zo a sanar da shi tun da wuri, in kuma baki ya ƙi buɗewa a koya masa nuni da hoto ko ishara, wannan ba ya hana magana zuwa. Uba kuma kada ya bar wa uwa ita kaɗai, balle ya sake ta a kan abin da ba ita ta yi ba.

Tun watan Janairu na 2019 Nijeriya take da dokar da ta haramta nuna wa masu bukata ta musamman wariya, har a wajen neman ilimi, amma doka ba ta shiga zaure sai mutanen unguwa sun shigar da ita. Saboda haka ina kira ga malaman allo da na boko su ajiye bulala game da wannan yaro, su zaunar da shi a gefe inda hayaniya ta yi sauƙi, su karɓi ɗan abin da ya iya. Ina kuma kira ga maƙwabta su hana 'ya'yansu tsokanarsa, su gayyaci uwarsa biki da suna tare da ɗanta, in kuma suka gan shi shi kaɗai ya nufi bakin titi ko kududdufi, su riƙo hannunsa su mai da shi gida.