Kafin Ka Sayi Kyamara, Ka San Inda Za Ka Tsaya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kogin Matan Fada ranar babban su na bikin kamun kifi na Argungu ya san abin da ke biyo bayan ƙarar bindiga. Dubban masunta ne ke kwasowa a guje, kowa da homarsa da goransa, su afka ruwa a lokaci guda, kafin ka ce kwabo kogin ya rine da laka, makaɗa na bi ta tsakaninsu cikin kwalekwale. Abin duka bai fi sa'a guda ba. Mai hoton da bai shirya ba sai dai ya jira baɗi, in an yi ke nan, don mun ga yadda bikin ya kwanta kusan shekara goma kafin a farfaɗo da shi a watan Maris na 2020.

Wannan sa'a guda ita ce ta hana wani ɗan 'yar'uwata barci. Ya tara 'yan kuɗinsa yana son kyamara, ya zo mini da hotuna biyu a waya. Ɗaya Nikon D3500 ce, ɗayar kuma Nikon Coolpix P900. Ya ce, "Kawu, dubi wannan, an rubuta 83x, waccan kuwa ko 4x ba ta kai ba, amma kowa sai cewa yake in sayi waccan. Ko dai cuta ce?" Na ce masa ba cuta ba ce, amma kafin mu yi maganar lamba ya fara gaya mini daga ina zai tsaya in zai ɗauki hoton, kuma da ƙarfe nawa. Ya yi shiru. Mafi yawan masu sayen kyamara ba su taɓa yi wa kansu wannan tambaya ba, alhali ita ce ke raba gardamar.

A ido duk kamarsu ɗaya: baƙaƙe, masu tozo a sama, da ƙaton gilashi a gaba. Shi ya sa ake ruɗar mutane a shago. D3500 irin wadda ake kira DSLR ce: ana cire mata lensi, wato idon da ke gaba, a ɗaura wani, kuma akwai madubi a cikinta da ke turo abin da lensin ya gani kai tsaye zuwa idonka. Ɗayar, wadda ake kira birij, sunanta na nufin gada, don an yi ta ne ta tsaya tsakanin ƙaramar kyamarar aljihu da ta ƙwararru. Lensinta ɗaya ne, a manne yake har abada, amma yana miƙewa ya jawo nesa ta zo kusa ƙwarai.

Mu fara da lambar da ta ruɗi yaron. Wannan "x" ba ma'aunin ƙarfi ba ne, lissafin rabawa ne kawai. Lensin P900 yana farawa daga milimita 24 ya ƙare a 2000 bisa ma'aunin da masu hoto suka saba da shi. Raba 2000 da 24, ka samu 83. Lensin da ake haɗo ƙananan DSLR da shi 18 zuwa 55 ne; raba, ka samu 3. Lensi mai milimita 300 wanda ba ya miƙewa sam 1x ne, amma ya fi wancan mai 3x hangen nesa nesa ba kusa ba. Saboda haka lambar ƙarshe za ka duba, ba "x" ba. Duk da haka gaskiya ɗaya ce: a fagen hangen nesa birij ta yi wa DSLR mai lensin kamfani fintinkau. P1000 da Nikon ta fitar a 2018 ta kai milimita 3000, Canon SX70 HS ta kai 1365, Panasonic FZ80 ta kai 1200. Idan kana cikin cincirindon jama'a a gaɓa, dogarai da 'yan sanda sun tare gaba, da lensin 18 zuwa 55 abin da za ka samu shi ne faɗin kogi da ɗige-ɗigen kawuna. Mai birij kuwa daga nan inda kake zai kamo fuskar masuncin da ya rungumo giwan ruwa, har da lakar da ke gemunsa.

To me ya sa ba a ce kowa ya sayi birij a huta ba? Saboda akwai abin da aka sadaukar kafin a samu wannan tsawo, kuma ba a rubuta shi da manyan baƙaƙe a jikin kwali. A cikin kowace kyamara akwai wani ɗan faranti mai karɓar haske, sensa, wanda ya maye gurbin fim ɗin da. Na D3500 tsawonsa milimita 23.5 ne, faɗinsa 15.6, kamar kan sarki. Na P900 da ire-irenta kuwa wajen milimita 6 ne da 4 da rabi, bai kai farcen ƙaramin yatsanka ba. Wato na DSLR ya ninka shi fiye da sau goma. Da gangan aka ƙanƙanta shi, don ƙaramin sensa ne ke ba da damar a yi lensi mai hangen nesa wanda hannu zai iya ɗauka.

Ka ɗauka ana ruwan sama, wani ya tara daro, wani ya tara gwangwanin madara. In ruwan kamar da bakin ƙwarya yake, duk su biyun za su samu abin da suke so. In yayyafi ne, mai gwangwani zai koma da ɗigo. Haka haske yake. Da hantsi a Matan Fada, rana ta take, hoton birij zai fito tas, a waya ba za ka iya bambanta shi da na DSLR ba. Amma bari magariba ta gabato, ko a shiga zaure, ko a je filin dambe da kokawa da dare ƙarƙashin ƙwan janareto: nan hoton birij zai fara yin tsaki-tsaki, fuska ta yi kamar an shafe ta da yatsa, hannun ɗan dambe ya zama hayaƙi. Kuma kada yawan megafiksel ya ruɗe ka. Raba gwangwani gida miliyan ashirin ba ya ƙara masa ruwa.

Akwai wani abu kuma da masu talla ba sa faɗa. A yawancin birij, duk lokacin da ka miƙa lensi, ƙofar da haske ke shiga tana tsukewa. A P900 tana farawa daga f/2.8 ta koma f/6.5, a P1000 har f/8, kuma a wannan ma'auni girman lamba ƙarancin haske ne. Ga shi ruwan da masunta ke fantsamawa ba ya tsayawa cak a hoto sai kyamara ta ƙyafta cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa ko kusa da haka, saurin ƙyaftawa kuma haske yake ci. Sannan a milimita 2000 numfashinka kansa girgiza ne; ka ɗan motsa kaɗan, mutumin da kake bi ya ɓace maka, sai ka janyo lensi baya ka sake nemansa. Na taɓa ganin wani yana wannan fama lokacin kabanci, wato wasannin ruwa na bikin, ana kamun agwagwa: kafin kyamararsa ta daidaita gani, agwagwar ta nutse, yaron da ke binta ya nutse, abin da ya samu sai da'irar ruwa. Mai DSLR a gefensa, da yake madubi ne ke nuna masa abin kai tsaye ba jinkiri, kuma na'urar daidaita ganinsa ta fi sauri wajen bin abin da ke motsi, ya riga ya danna sau uku.

Sai kuma iskar ƙasarmu. Bikin yakan faɗo ne a Fabrairu ko Maris, ƙarshen hunturu, ga hazo, ga zafi ya fara tashi. Duk tsawon lensinka, ta cikin wannan iska zai leƙa. Abin da ke nesa sosai zai fito fari-fari, yana rawa kamar kawalwalniya a kan kwalta, kuma babu kuɗin da ke maganin wannan. Shi ya sa ni ban ɗauki bambancin 1200 da 3000 da muhimmanci ba a nan yankin. Amma ƙurar nan ta fi cutar mai DSLR ta wani ɓangaren. Da zarar ka cire lensi a filin hawan daba, dawakai na tayar da ƙasa, ka buɗe wa ƙura ƙofa har kan sensa, sai ka koma gida ka tarar da baƙin ɗigo a wuri ɗaya cikin kowane hoto, musamman a sararin sama. Masu hoto da suka daɗe a harkar ba sa canza lensi a fili. Sukan shiga mota, ko su juya wa iska baya su sunkuyar da bakin kyamara ƙasa cikin babbar riga. Birij ba a buɗe ta, wannan ciwon kai ya ragu, ko da yake ita ma lensinta mai shiga da fita yana iya jan ƙura, kuma in ya cije, kyamarar gaba ɗaya ta tsaya. Panasonic FZ300 tana daga cikin 'yan kaɗan da aka toshe wa kafofin ƙura da feshin ruwa, kuma ƙofar haskenta f/2.8 ce daga farko har milimita 600. A ganina ta fi dacewa da bakin kogi a kan masu tsawon da ake ta yayatawa.

Batir ma abin dubawa ne ga wanda ya san halin wutarmu. Bisa ma'aunin kamfani, D3500 na ɗaukar hoto kusan 1,550 da caji ɗaya, Canon 2000D kusan 500, P900 kusan 360, P1000 kuwa kusan 250.

Na ce wa yaron ya ƙirga. Tun 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka shirya masa su, wannan biki ne ya fitar da sunan garin duniya, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada a 2016. Amma kwana huɗu ne. Sauran kwanakin shekara me za ka ɗauka? In amsarka ita ce ɗaurin aure da suna da walimar sauka da kamun amarya, to kusan duk aikinka a cikin ɗaki ne, ko ƙarƙashin rumfa, ko bayan la'asar, kuma mutanen suna taku uku daga gare ka. A nan milimita 2000 ba ta da amfanin komai. Abin da zai kawo maka ciniki shi ne fuskar amarya ta fito fes, bayanta ya dushe, lallen hannunta ya nuna. Wannan aikin babban sensa ne da ɗan lensi mai milimita 50, f/1.8, wanda yana cikin mafi araha a wurin Canon da Nikon duka, kuma yana shigar da haske kusan ninki goma na abin da lensin kamfani ke shigarwa in an miƙa shi ƙarshe. Ranar su kuma sai ka nemi lensin 70 zuwa 300, saye ko aro. A jikin Nikon yana aiki kamar 450, kuma da megafiksel 24 kana iya yanke tsakiyar hoton ka ƙara kusanto shi. Ba zai kai birij ba, amma zai fid da kai kunya in ka yi sammako ka kama wuri.

In kuwa kai ma'aikaci ne ko malami mai sha'awa kawai, ba ka neman kwabo da hoto, burinka ka zaga fadama da safe ka ɗauki balbela da shamuwa da masu aikin shinkafa daga nesa, ka ɗauki mahaya ranar sallah daga inda jama'a ke tsayawa, kuma ka san ranka ba za ka ɗauki jakar lensi uku ba, to birij taka ce, kada kowa ya raina maka ita. Abin da take yi shi ne ainihin abin da wayarka ba ta iyawa. Mai kuɗi a hannu yana iya duba masu sensa mai inci ɗaya, irin Panasonic FZ1000 ko Sony RX10 IV. Tsawonsu bai kai ba, 400 da 600, amma sensansu ya ninka na sauran birij kusan sau huɗu.

Sai dai a san cewa kamfanonin sun karkata ga kyamarori marasa madubi, Nikon ma ta daina ƙera D3500. Da yawa daga cikin ƙananan DSLR da za ka samu a Kano ko Legas yanzu na hannu ne. Wannan bai zama aibi ba, ya ma sa lensunansu sun yi sauƙi, amma yana buƙatar ido. Ka nemi a nuna maka adadin hotunan da kyamarar ta taɓa ɗauka. Ƙananan nan akan kiyasta musu wajen dubu ɗari, wadda ta kusa nan ta sha jiki ko da jikinta na ƙyalli. Ka ɗauki hoton farar takarda ka buɗe shi da girma ka nemi ɗigo. Ka haska fitilar waya cikin lensi ka duba ko akwai zare-zare kamar yanar gizo, wato ya yi funfuna. In Nikon D3500 ce ko 'yan'uwanta, yawancin lensunan Nikon da ba a rubuta AF-S ko AF-P a jikinsu ba ba za su daidaita gani da kansu ba. In Canon 4000D ce, ko wasu daga cikin 2000D, an cire ƙarfen tsakiya a mazaunin filasha, saboda haka filasha da yawa na wasu kamfanoni ba sa tashi a kansu. Ka gwada taka a shagon kafin ka biya. In birij ce, ka miƙa lensin har ƙarshe ka dawo da shi sau biyar kana saurare, in ka ji gurnani ko tsaiko ka ajiye.

Yaron nawa dai sana'a yake nema, don haka na ce masa ya sayi DSLR da lensin 50, ya bar dogon lensi sai ciniki ya kawo. Kai ma mai karatu, kafin ka miƙa kuɗinka, ka roƙi mai shago ya bar ka ka ɗauki hoto biyu da kowace: ɗaya a bakin titi da rana, ɗaya a can cikin shagon an kashe fitila. Ka tura su wayarka, ka buɗe fuskar da ke ciki da yatsu biyu, sannan ka yi ciniki.